Jif a Landan: abin da ke jikinta da abin da inshorarta ke nema



Tun bayan taron matasa na ƙarshe tambaya ɗaya ke ta dawo mana, daga samari har dattawa: wace jif ya kamata mutum ya saya, kuma me ya sa inshorarta take neman ta fi ƙarfin albashi? Wani ɗan uwanmu a Tottenham ya tara kuɗinsa na shekaru, ya sayi tsohuwar Range Rover, ya karɓi makulli, aka sanya masa albarka. Sai da ya zauna neman inshora ya ga kamfanoni da yawa ko farashi ba su ba shi ba, 'yan kaɗan da suka bayar kuma kuɗin ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba. Motar ta yi makonni a harabar gidan wani abokinsa, daga baya ya sayar da ita da hasara. Shi ya sa muka tattara wannan bayani wuri guda, don wanda zai saya ya duba tun kafin kuɗi su bar hannunsa.

Mun san matsayin wannan mota a wajenmu. A Nima ko Aboabo, idan aka ce wane ya zo da V8 ko Prado ko Pajero, an gama magana. A can kuma tana da aikin yi, domin duk wanda ya bi hanyoyin ƙauyukan arewa da damina ya san ƙaramar mota ba ta kai mutum gida. Abin da muke so a gane shi ne, abubuwan da suka sa jif ta zama sarauniya a laka, wato nauyi, ƙarfi, tsada da yawan na'urori, su ne dai suke sa kamfanin inshora ya ɗaure fuska idan ya ji adireshinka a Landan yake.

Ba kowace doguwar mota ce ta daji ba

Land Rover ta fara fitowa ne a baje kolin motoci na Amstadam a watan Afrilun 1948, an ƙera ta a Solihull don manoma. Range Rover ta biyo baya a 1970. Toyota ta fara tata a 1951, aka raɗa mata suna Land Cruiser a 1954. Wadda muke kira Pajero a gida, a nan sunanta Shogun, Prado kuma a nan Land Cruiser kawai ake rubuta mata. Duk wanda zai nemi kayan gyara ko farashin inshora, da sunan nan zai nema.

Yau titunan Landan cike suke da dogayen motoci masu kama da jif, amma yawancinsu kama ce kawai. Nissan Qashqai, alal misali, galibinta tayoyin gaba ne kaɗai ke ja. Ba aibu ba ne, mota ce mai kyau ga iyali, inshorarta ma ta fi sauƙi. Amma motar daji ta gaskiya ana gane ta da wasu abubuwa.

Na farko shi ne yadda ƙarfin injin ke isa tayoyi huɗu. Akwai wadda kullum tayoyinta huɗu ke ja, kamar Defender da Range Rover da Land Cruiser. Akwai kuma wadda tayoyin baya ke ja a kan kwalta, sai direba ya shigar da na gaba idan ya shiga yashi ko taɓo, kamar Suzuki Jimny da Hilux. Irin wannan ta biyu, idan aka bar ta a tayoyi huɗu ana yawo a busasshiyar kwalta, ƙarafan da ke juya tayoyin suna ɗaurewa, tayoyi su cinye, gyara ya taso babu gaira babu dalili.

Na biyu shi ne ƙaramar giya, wadda ke rage gudu ta ninka ƙarfi. Da ita mota ke hawa tudu mai duwatsu tana tafiyar hawainiya, da ita take fita daga rairayi ba tare da ta ƙona kuloci ba. A wajenmu wannan ce babbar alama. Motar da ba ta da ƙaramar giya, kome tsayinta, ta gari ce. Range Rover Evoque ma ba ta da ita, duk da sunan da take ɗauke da shi.

Na uku shi ne makullin difaranshal. Difaranshal shi ne abin da ke barin tayar waje ta fi ta ciki juyawa idan ana shan kwana. A laka wannan alheri yakan koma matsala: tayar da ta rasa ƙasa ita ke kwashe ƙarfin duka tana juyawa a banza, wadda ke kan tsandauri kuma ta tsaya cik. Idan aka kulle shi, dole su juya tare. Sabbin motoci suna yin wannan aiki da kwamfuta da birki. Land Rover ta kawo na'urar sauka daga gangare a Freelander a 1997, sannan a 2004 ta sa wa Discovery 3 maɓallin da direba zai murɗa ya zaɓi yashi, laka, ciyawa ko duwatsu, motar ta shirya kanta.

Sai tsayin ciki daga ƙasa da zurfin ruwan da za ta iya ratsawa. Sabuwar Defender, wadda aka fito da ita a 2019 kuma ake haɗawa a Sulobakiya, tana iya ɗaga kanta da iska har cikinta ya kai kusan santimita 29 daga ƙasa, kuma kamfanin ya ce tana ratsa ruwa mai zurfin santimita 90. Land Cruiser da Hilux an ƙayyade musu santimita 70. A riƙe waɗannan lambobi, za mu dawo kansu idan mun zo maganar ambaliya.

Akwai kuma ginin jiki. Land Cruiser, Jimny, Hilux da Ineos Grenadier suna zaune ne a kan shasi mai kama da tsani, bodi daban shasi daban, irin ginin babbar mota. Sabuwar Defender da Range Rover na yanzu kuwa jiki ɗaya ne na alminiyam. Alminiyam ya fi ƙarfe rashin nauyi, ba ya tsatsa irin ta ƙarfe, amma ba kowane gareji ke iya gyara shi ba, kuma inda gyara ya yi tsada inshora ma tsada take yi. Haka jakunkunan iska da ke ɗaga motar: daɗin zama ba a magana, amma ranar da suka fara yoyo za ka tarar da ita da safe ta durƙusa kamar raƙumi.

Kuɗin da Landan ke karɓa kafin a zo inshora

Turawan nan da kansu suna yi wa waɗannan motoci ba'a, suna ce musu taraktar Chelsea, don mota ce ta gona amma aikinta kai yara makaranta a unguwar masu kuɗi. Gwamnatin gari kuwa ba ba'a take yi ba, kuɗi take karɓa.

Babban abin dubawa shi ne ULEZ, dokar hayaƙin mota. An fara ta a tsakiyar gari ranar 8 ga Afrilu 2019, aka faɗaɗa ta a Oktoban 2021, sannan daga 29 ga Agusta 2023 ta mamaye dukkan ƙananan hukumomin Landan. Motar dizal sai ta kai matakin Euro 6, wanda galibi motocin da aka yi wa rajista daga Satumban 2015 ne suka kai. Ta fetur sai Euro 4, galibi daga 2006. Wadda ba ta kai ba, fam 12.50 ne duk ranar da ta motsa. Yi lissafi da kanka: kwana biyar a mako, shekara guda, fam 3,250 ke nan. Idan ka manta ba ka biya ba, tarar fam 180 ce, a rage zuwa 90 idan ka biya cikin kwana 14. Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin Discovery da Shogun na dizal suke da araha a kasuwar Landan. Araha ce mai ƙaya. A shafin TfL ana sa lambar mota a ga matsayinta kyauta, minti ɗaya bai cika ba.

Wasu daga cikinmu suna ganin dokar neman kuɗi ce kawai. Muna tunatarwa cewa a Disamban 2020 mai binciken musabbabin mutuwa ya yanke cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe wata yarinya 'yar shekara tara daga Lewisham, wadda gidansu ke kusa da titin South Circular. Unguwannin da muke zaune su ne ke shaƙar hayaƙin.

Ko dizal ɗin ya kai Euro 6, akwai matatar toka a jikin salansa wadda ke buƙatar doguwar tafiya da gudu kafin ta ƙone abin da ta tara. Wanda tafiyarsa daga gida zuwa masallaci zuwa kasuwar Ridley Road ce kawai, matatar za ta toshe. Cire ta kuma haramun ne a doka, motar za ta faɗi gwajin MOT. Sai faɗi: tituna da yawa suna da turaku masu barin ƙafa shida da inci shida kacal, ramin Rotherhithe kuma ba ya karɓar abin da ya wuce mita biyu a faɗi ko a tsayi, haka motar kaya da nauyinta ya wuce tan biyu. Masu akori-kura irin Hilux da Ranger su kiyaye, kyamara ce ke aiko da takardar tara.

A nan inshora mutum take bi, ba mota ba

Wannan shi ne wurin da mutanenmu suka fi faɗawa rami, musamman sabbin zuwa. A gida mun saba idan an manna wa mota takardar inshora, duk mai lasisin da maigida ya miƙa wa makulli yana iya ja. A Birtaniya ba haka ba ne. Dokar hanya ta 1988 ta wajabta wa kowane direba ya kasance shi kansa inshora ta rufe shi a kan wannan motar. Idan babu sunanka a takardar, ba ka da inshora, ko da motar ta babanka ce.

Hukuncin a fili yake: tarar fam 300 da maki shida na laifi a lasisi. Idan magana ta kai kotu, tarar ba ta da iyaka, ana iya hana ka tuƙi, 'yan sanda kuma suna da ikon kwace motar har su murƙushe ta. Wanda bai cika shekara biyu da cin jarrabawar tuƙi ba, maki shidan nan kaɗai sun isa a soke lasisinsa ya koma farko. Iyayenmu, a gafarce mu, wannan ya shafe ku ma: wanda ya ba da aron motar shi ma ya yi laifi a idon doka. Ranar Sallah, ranar biki ko suna, lokacin da ake cewa "kai, ɗauki motar Alhaji ka ɗauko baƙi," a nan ake samun matsala. Kyamarorin 'yan sanda suna karanta lambar mota suna duba rumbun inshora nan take. Abin yi shi ne a kira kamfani a ƙara sunan mutum, ko a sayi inshorar kwana ɗaya ko biyu.

Wasu takardun suna ba mai su izinin tuƙa motar wani, amma ba duka ba, galibi sai wanda ya haura shekara 25, kuma ɓarnar da ya yi wa wasu kawai ake biya. Kada a ɗauka akwai, a karanta.

Tun 2011 ko motar da ke ajiye sai tana da inshora, sai fa idan an sanar da DVLA an ɗauke ta daga titi, abin da ake kira SORN, kuma dole ta kasance a fili na kanka, ba bakin titi ba. Wanda ya zo da lasisin Gana ko na Najeriya yana iya tuƙi da shi wata 12 daga ranar da ya zama mazauni. Bayan nan sai ya ci jarrabawar nan, domin ƙasashen biyu ba sa cikin waɗanda ake musanya lasisinsu kai tsaye. Wanda ya wuce wata 12 yana tuƙi da na gida, inshorarsa ma tana cikin hatsari.

Inshorar iri uku ce. Akwai tad-fati, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna kaɗai, taka motar kuwa kai da Allah. Akwai wadda ta ƙara gobara da sata a kan wannan. Akwai kuma cikakkiya, komfirihensif, wadda ke gyara taka ko da kai ne mai laifi. Abin mamaki, sau da yawa cikakkiyar ta fi tad-fati araha, saboda kamfanoni sun lura masu yawan hatsari ne ke rububin tad-fati. Ga jif mai tsada a Landan, ba mu ga hikimar ɗaukar abin da bai kai cikakkiya ba.

Me ya sa farashin ya kai haka

Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Birtaniya, ABI, ta ce a farkon 2024 matsakaicin kuɗin cikakkiyar inshora ya kai fam 635 a shekara. Wannan na ƙasa baki ɗaya ne, da ƙananan motoci da tsofaffin direbobi na ƙauye duk a ciki. Saurayi mai jif a Peckham ko Edmonton kada ya sa rai da wannan lamba.

Cibiyar Thatcham Research ta jera motoci a rukuni daga 1 zuwa 50 gwargwadon tsadarsu, ƙarfinsu, kuɗin gyara da tsaronsu. Manyan Range Rover suna can ƙololuwa. Motar da ta haura tan biyu idan ta bugi ƙaramar mota ko mai keke, ɓarnar ba ƙarama ba ce, kuma kamfani ne zai biya. Fitila ɗaya, gilashin gaba mai kyamara, bamba mai na'urori, kowanne kuɗi ne mai yawa. A kan wannan sai a duba shekarunka, shekarun lasisinka, sana'arka, inda motar ke kwana da foskod ɗinka, sannan gwamnati ta ɗora harajin kashi 12 cikin ɗari. Ƙungiyar Citizens Advice ta fitar da bincike a 2022 wanda ya nuna mutanen da ba farar fata ba suna biyan kimanin fam 250 fiye da fararen fata a shekara. Ba mu yi mamaki ba da muka gani.

Amma abin da ya fi kome ɗaga farashin jif a Landan shi ne sata. A 2023 lamarin ya kai masu Range Rover da dama a Landan sun rasa mai ba su inshora gaba ɗaya. Kamfanin JLR, wanda Tata na Indiya ya mallaka tun 2008, sai da ya buɗe inshorarsa ta kansa a Oktoban wannan shekarar, ya kuma ware fam miliyan 10 don sabunta tsaron motocin da ya riga ya sayar. Duk mai sayen tsohuwar Range Rover ko Discovery ya tambayi dila ko an yi wa wannan motar sabuntawar, kuma ya nemi shaida.

Ɓarayin yanzu ba sa fasa gilashi. Mutum biyu ne: ɗaya ya tsaya jikin ƙofar gidanka da na'urar da ke kamo siginar makullin da ka ajiye a falo, ɗaya ya tsaya jikin motar, ta buɗe ta tashi kamar kai ne. Wasu kuma ta bayan fitilar gaba suke shiga wayoyin motar, hanyar da aka yi ta amfani da ita a kan wasu Toyota da Lexus. Tsayin jif ma ya sauƙaƙa wa masu yanke tukunyar tace hayaƙi, wadda makanikan Najeriya ke ce wa indomi, domin ko jak ba sa buƙata. Maganin ba mai tsada ba ne idan aka kwatanta da asarar: jakar ajiye makulli mai toshe sigina, ƙarfen kulle sitiyari wanda ɓarawo zai gani tun daga nesa, da na'urar bin sawu mai shaidar Thatcham, S5 ko S7. Kamfanoni da yawa ba sa karɓar jif mai tsada sai da ita. Idan sun sa ta a sharaɗi, to kuɗinta na shekara ma sharaɗi ne. Ka bari ya ƙare aka sace motar, suna iya ƙin biya. Haka wanda ya tayar da mota da sanyin safiya don ƙanƙara ta narke, ya koma ciki shan shayi.

Idan an sace, a kira 'yan sanda a karɓi lambar rahoto, a kira kamfanin bin sawu da na inshora a ranar. Za su nemi makullai duka biyu. Abin da za su biya shi ne darajar motar a kasuwa a ranar, ba abin da ka saya ba, kuma za su cire ekses, wato kason da ka amince kai za ka ɗauka. Wanda ya karɓi mota bashi yana iya tarar da bashin ya fi abin da aka biya shi. Akwai ƙaramar inshora mai suna GAP da ke cike wannan giɓi.

Abin da ka rubuta a fom

Mun san dabarun da ake koya wa juna. A sa sunan Baba a matsayin babban direba alhali yaron ne ke yawo da motar kullum. A sa adireshin ƙanwar uwa da ke wani ƙaramin gari alhali motar a Hackney take kwana. A ce ta zumunci ce kawai alhali ana kai kaya ko ɗaukar fasinja da ita. Duk waɗannan zamba ce a doka. Ranar da babu abin da ya faru, kamar an ci riba. Ranar hatsari kuwa kamfani zai bincika, ya soke takardar, ya ƙi gyara motarka, ya biya wanda ka buge sannan ya biyo ka da bashin. Kuma daga ranar duk fom ɗin da za ka cike akwai tambayar ko an taɓa soke maka inshora. Sunan Baba da aka ara shi ma ya ɓaci.

Amfanin mota hawa-hawa ne a takarda: na zumunci da cefane, na zuwa wurin aiki, na harkar kasuwanci, da na ɗaukar kaya ko mutane don kuɗi. Mai kai abinci ko ɗaukar fasinja na ƙarshen yake buƙata, mai fasinja kuma har da lasisin TfL.

Duk abin da aka canza a jikin jif sai an faɗa: ɗaga ta sama, manyan tayoyi, bututun shaƙar iska, injin jan igiya, ƙarfen gaba, fitilun rufi, ƙara wa injin ƙarfi ta kwamfuta, har canza launi da leda. Ko mai ita na baya ne ya yi, kai za a tambaya. Baƙin gilashi ma yana da iyaka: na gaba dole ya bar kashi 75 na haske ya wuce, na gefen direba da na kusa da shi kashi 70.

Sai dillalan bogi. Suna talla a WhatsApp, Instagram da Snapchat, wani lokaci da harshenmu, wani lokaci ta hannun wanda muka sani. Su karɓi kuɗi su ba ka takardar jabu, ko su sayi ta gaske da bayanan ƙarya, ko su saya su soke bayan mako biyu su karɓe kuɗin. 'Yan sandan City of London suna da sashe na musamman kan wannan tun 2012. Dillali na gaskiya yana cikin rajistar hukumar FCA, kowa na iya dubawa. Bayan ka saya, ka duba lambar motarka a shafin askMID, sannan ka kira kamfanin da kanka ka ji ko sunanka, shekarunka da adireshinka daidai suke a wajensu.

Hanyoyin rage kuɗi na halal suna nan. A fara neman farashi makonni uku kafin tsohuwar ta ƙare. A gwada shafukan kwatanta farashi, a kuma kira dillalan da suka ƙware a motocin daji, domin su sun fi fahimtar motar da aka yi wa canje-canje. A ƙara sunan babba mai tsaftataccen lasisi a matsayin direba na biyu idan da gaske yana tuƙa ta. Matashi ya karɓi baƙin akwati mai lura da tuƙi. Shawararmu ga wanda bai kai 25 ba dai ita ce ya fara da ƙaramar mota, ya tara shekarun rashin neman diyya, jif ba za ta gudu ba. Duk wanda ya ga motar da yake so, ya sa lambarta a shafin farashi tun yana tsaye a gaban mai sayarwa, kafin ya ba da ko kafin alƙalami.

Dattawa sun tambaye mu hukuncin addini. Mu ba malamai ba ne. Abin da muka ji daga malamai da dama shi ne inshorar da doka ta tilasta tana shiga babin lalura, kowa kuma ya koma ga malaminsa. An taɓa gwada takaful na mota a nan, Salaam Halal Insurance a 2008, amma bai daɗe ba ya daina karɓar sabbin mutane. Abu ɗaya da ke hannunmu shi ne biyan wata-wata: yawanci bashi ne mai kuɗin ruwa a kai. Wanda zai iya biyan shekara gaba ɗaya, ko ta hanyar adashi, ya kauce wa ruwan kuma ya biya ƙasa.

Laka, ruwa, da kai ta gida

Wanda ke son ya gwada ƙaramar giyarsa ba zai shiga kowane fili ba. Tuƙi a filin jama'a, hanyar ƙafa ko gonar wani ba da izini ba laifi ne. Akwai tsofaffin hanyoyin burji da doka ta buɗe wa kowace mota, a Surrey, Kent da filin Salisbury, ana ganinsu a taswirar Ordnance Survey. A doka tituna ne, don haka sai da haraji, MOT da inshora. Duk da haka takardu da yawa sun cire tuƙin daji, gasa da filayen wasan laka da ake biya a shiga. A tambayi kamfani, a ce ya amsa a rubuce.

Ambaliyar Yulin 2021 ta nuna Landan ma tana cika da ruwa, musamman ƙarƙashin gadoji. Santimita 90 ɗin da muka ambata na ruwa ne mai tsayuwa, a tafiyar sannu, a motar da kome nata ke lafiya. Idan ruwa ya shiga inda injin ke shaƙar iska, injin ya tashi aiki. Cikakkiyar inshora takan biya idan ruwa ya tarar da motar a ajiye. Idan kai ne ka ga ruwan ka kutsa, kamfani na iya cewa ganganci ne.

Idan kamfani ya ƙi biya kuma kana ganin an zalunce ka, ka rubuta musu ƙorafi. Suna da mako takwas su amsa. Bayan nan kana da wata shida ka kai wa Financial Ombudsman Service, kuma kyauta ne, ba sai da lauya ba. Wanda mara inshora ya buge, ko wanda ya buge shi ya gudu, hukumar MIB ce ke duba diyyarsa.

Masu niyyar su yi amfani da jif shekara biyu sannan su sa ta a kwantena zuwa Tema, su tsaya su yi tambaya tukuna. Motar nan sitiyarinta a dama yake. Gana ta koma tuƙi a hannun dama tun Agustan 1974, Najeriya tun 1972, kuma dokar kwastan ta Gana ta taƙaita shigo da mota mai sitiyari a dama. Juya sitiyarin sabuwar jif mai cike da wayoyi da kwamfuta ba aikin wasa ba ne. Inshorarka ta Landan kuma ba ta bin motar cikin teku, sai an sayi ta kayan jirgin ruwa daban ta hannun kamfanin jigila. A cike sashen fitar da mota na takardar V5C a aika wa DVLA, a sanar da kamfanin inshora ranar da ta bar ƙasa, a kuma karɓi shaidar shekarun rashin neman diyya a ajiye, domin yawancin kamfanoni shekara biyu kawai suke amincewa da ita idan mutum ya zauna ba mota.